Tambayi Mai Gyara: Fitila Ta Kama, Jita Ta Yi Gum

Assalamu alaikum Baba mai gyara. Ya aiki, ya zafi? Ni matashi ne daga Kamba, ina kaɗa jita a wuraren biki tare da abokaina, irin kiɗan da ke zuwa mana daga tsallaken iyaka, daga Gaya da Dosso har Agadas. Na ga masu jitar can suna taka wata 'yar feda, sai muryar jita ta yi kaushi ta cika wuri. Da na ji kuɗinta na san ba tawa ba ce, sai na samo zane a intanet na haɗa da hannuna a kan allon nan mai huji-huji. Zanen ya ce a sa aisi 741, wato 'yar na'urar nan mai ƙafafu da ke ƙara ƙarfin sauti, da dayod biyu, masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, da batir mai bolt 9. Na je Birnin Kebbi sayen kaya ban sami 741 ba, mai shagon ya ba ni 4558, ya ce ai duk ɗaya ne, ƙafa takwas-takwas. Yanzu in ban taka fedar ba jita na fita ras. In na taka, fitila ta kama, amma sai shiru, sai ɗan tsaki can ƙasa in na daki tsirkiya da ƙarfi. Na sauya aisi har sau uku, na sauya dayod, na sayi sabon batir. Abokaina sun fara yi mini dariya. Baba, ina matsalar take?
Ɗanka daga Kamba

Wa'alaikumus salam ɗana. Zafi sai godiya, muna ta fama.

Ka kama ɓarawonka da hannunka a cikin wasiƙar nan, ka kuma sake shi. Ga shi can a layi na biyar: an ce ka sa 741, ka sa 4558. Mai shagon bai yi maka ƙarya a kan ƙafa takwas ba, amma kama da wane ba wane ba ne. A cikin 741 amfilifaya guda ɗaya ce. A cikin 4558 guda biyu ne aka cusa a ɗaki ɗaya, don haka dole aka raba ƙafafun ta wata hanya dabam. Ko aisi goma ka sauya, muddin 4558 ce kake dasawa a gurbin 741, shirun nan za ka yi ta ji.

Ɗauko ɗaya ka ajiye a tafin hannunka, rubutun yana kallonka, ɗan gibin nan mai kamar tsinin wata yana sama. Ƙafar da ke sama ta hagu ita ce ta 1, galibi ma akwai ɗigo kusa da ita. Ka gangara ƙasa 2, 3, 4. Ka tsallaka dama daga ƙasa, 5, ka haura 6, 7, 8. In ka kifa allon don liƙi, komai ya juya, hagu ta koma dama, kuma nan ne hannu ke yawan kuskurewa har ga waɗanda suka daɗe a sana'ar.

A 741, wuta na shiga ta ƙafa ta 7, sauti na fita ta ƙafa ta 6, ƙafa ta 8 kuwa ba a haɗa ta da komai. A 4558 wuta na shiga ta ƙafa ta 8, sautin ɓangaren farko na fita ta ƙafa ta 1. Ƙafafu na 2 da 3 da 4 ne kawai aikinsu ya zo ɗaya a duka biyun. To dubi abin da ka yi. Bakin da aisin ke cin wuta ka bar shi a buɗe da yunwa, bolt 9 ɗin kuma ka ɗura shi a ƙafa ta 7, wadda a 4558 mafita ce ta ɓangare na biyu. Kana kuma jiran sauti a ƙafa ta 6, wadda mashiga ce. Tamkar ka je gidan mutum ka yi ta sallama a bakin kwata. Ɗan tsakin da kake ji yoyo ne kawai, ba aikin aisin ba ne.

Hanya biyu ce a gabanka. Mafi sauƙi ka nemo 741 ɗin, ko TL071, wadda ƙafafunta suka yi daidai da na 741, ka dasa ba tare da ka taɓa waya ko ɗaya ba. In ba su samuwa, kada ka raina 4558. Ita ce a cikin fedar Tube Screamer ta kamfanin Ibanez da 'yan jita ke rububi a duniya, kuma tsofaffin rediyo masu kaset da miksa cike suke da ita. Sai dai ka gyara mata shimfiɗa. Duk abin da ke liƙe a ƙafa ta 7 ka mai da shi ƙafa ta 8. Duk abin da ke ƙafa ta 6 ka mai da shi ƙafa ta 1. Ɓangare na biyu da ba ka amfani da shi kada ka bar shi sakaka, yana iya kawo hayaniya: ka haɗe 6 da 7 da guntun waya, ita kuma 5 ka kai ta wurin rabin wuta, wanda zan yi maka bayani yanzu. Guda ukun da ka riga ka ɗura wa wuta ta baya kuwa, ka ware su gefe. Wataƙila da ransu, amma ba da su za ka yi gwajin farko ba. Kuma don Allah ka sayi 'yar kujerar aisi mai ƙafa takwas ka liƙa, ka daina ƙona allonka da cire-sa.

Da a ce abin ya tsaya nan da na rufe amsa. Amma abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne babu lambar awo ko ɗaya a cikinta. Ka gaya mini abin da ka saya da abin da ka sauya, ba ka gaya mini abin da ka auna ba. Na buɗe rumfata a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, kuma daga lokacin zuwa yau yawancin kayan da ake kawo mini an riga an yi musu wannan magani na canki-canka. A sauya wannan, a sauya wancan, kuɗi na tafiya, ciwo na nan inda yake, wani lokaci ma an ƙara masa ɗan'uwa. Mitar auna wuta da kunne su ne jarin mai gyara. Kuɗin aisi uku da dayod da batir da motar Kamba zuwa Birnin Kebbi sun kusa saya maka mita.

Ka fara gane abin da fedar ke yi. Zanen da ka kwatanta, 741 da dayod biyu, dangin Distortion+ ne da kamfanin MXR na Amurka ya fitar a shekarun 1970. Wutar da jita ke fitarwa 'yar kaɗan ce, ba ta cika kai ko rabin bolt ba. Aisin ne ke ninka ta. A irin wannan zane akwai rasista, wato 'yar abar da ke rage gudun wuta, mai lamba 1M tsakanin mafita da ƙafa ta 2, da wata 4.7k da ke bi ta boliyum zuwa ƙasa, wato layin negetib. In ka murɗe boliyum ɗin har ƙarshe, ninkin ya haura sau 200. Batir mai bolt 9 ba shi da wutar da zai biya wannan bashi, sai kan sautin ya daki rufi ya baje. Daga nan dayod biyun su sake aske shi sama da ƙasa. Wannan askin shi ne kaushin da kake so. Mu dai ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Ɗan ƙarfen nan mai zobba da ake maƙalawa a kan garaya don ta riƙa zuza, da gurzar da ke cikin muryar goge, duk neman abu ɗaya ne. Kakanninmu da ƙarfe da gashin doki suka samo shi, ku kuma da batir.

To, aisin ba ya iya aiki sai an tsai da shi a tsakiyar wuta, don sauti ya sami filin hawa da sauka. Shi ya sa za ka ga rasista biyu masu lamba ɗaya a jere daga fozitib zuwa ƙasa. Mahaɗarsu ita ce rabin wuta, wajen bolt 4.5. In na ce ƙasa, ina nufin layin negetib na batir, wanda ya haɗe da jikin jak, wato ramin da ake cusa igiyar jita.

Bayan ka gyara ƙafafun, ka cusa igiya a jak ɗin shiga, ka sa mita a kan DC 20, baƙin tsinke a ƙasa, ka bi da jan. In 741 ce: ƙafa ta 7 ta nuna kusan 9, ta 4 ta nuna sifiri, ta 6 da ta 2 su nuna wajen 4.5. In 4558 ce, 8 ce mai 9, 1 da 2 su ne masu 4.5. In mafita ta manne kusa da 8 ko ta faɗi kusa da 1, to rabin wutar bai isa ƙafa ta 3 ba, ko kuwa rasistar 1M ba ta liƙu ba.

Ga wani tarko da ya taɓa cinye mini yini guda. In ka ɗora tsinke a ƙafa ta 3, ƙaramar mitar nan mai arha, DT830, za ta iya nuna maka bolt 2 ko ƙasa da haka, ka ce ka gano ciwo. Ba ciwo ba ne. Wutar da ke zuwa wannan ƙafa ta wata rasista 1M take biyowa, ita ma mitar cikinta kamar 1M ne, sai su raba wutar tsakaninsu. Mitar ce ke shan abin da take aunawa. Mafita ce shaidar gaskiya. In ta ce 4.5, ƙafa ta 3 lafiyarta lau.

Shi ma batir ka auna shi yana cikin aiki, feda a kunne. Batiran nan masu arha sukan nuna 9 a hannu, da an ɗora musu kaya su durƙusa.

In lambobi sun yi daidai amma har yanzu shiru, sai a koma ga kunne. Ka sami tsohuwar igiyar jita, ka yanke kai ɗaya. Za ka ga waya a tsakiya da saƙar waya da ta kewaye ta. Saƙar ka murɗe ta ka liƙa mata ɗan maƙalli mai bakin kada, ka cije ƙasan fedar da shi. Wayar tsakiya ka liƙa mata kafasita mai lamba 104, ɗaya ƙafar kafasitan ita ce tsinkenka. Kafasitan ne ke tare wutar batir kada ta shiga amfilifayarka, wato akwatin da kake jin jita ta cikinsa, ya bar sauti kaɗai ya wuce. Ɗaya kan igiyar ka kai amfilifaya, ka rage murya sosai, don bayan aisi sautin na da ƙarfin firgita maƙwabta. Kada ka wahalar da kanka da riƙon jita. Ka sa waƙa a wayarka a hankali, ka haɗa ta da mashigar feda, hannunka biyu su huta.

Sai ka bi sawu kamar mai neman akuyar da ta ɓace. Taɓa bakin jak: akwai waƙa. Taɓa inda waya ta baro makunnin taku ta shiga allo: akwai. Bayan kafasitan farko: akwai. Ƙafa ta 3: akwai, a hankali. Mafitar aisi: nan ya kamata ta daka tsalle ta yi kaushi. Bayan kafasita da rasistar da ke biye. Kan dayod. Kan boliyum na ƙarshe. Inda waƙar ta yanke, tsakanin nan da wurin da ka ji ta a ƙarshe, nan ciwon yake, kuma galibi bai fi faɗin farce ba. Sau da yawa abin da nake tararwa ɗigon dalma ne da ya haɗe layi biyu na jan ƙarfe, ko layin da aka manta ba a yanke ba a ƙarƙashin aisi. Irin allon naka, dole a yanke layukan da ke tsakanin ƙafafun hagu da na dama, in ba haka ba 1 ta haɗe da 8, 2 da 7, haka har ƙasa. Ka ɗaga allon ga rana, ka bi tsakanin layukan da bakin reza, ka goge da sifirit da tsohon burushin haƙori.

Wasiƙarka ta riga ta wanke wasu. Tunda jita na fita in ba ka taka ba, igiyoyi da jak biyu ba su da laifi. Tunda fitila na kamawa, batir na isa cikin akwati. Makunnin taku ne ban wanke shi duka ba. Mai ƙafa tara ne, a cikin roba aka dasa ƙafafun, kuma in kana liƙi da ƙarfen da ake turawa cikin gawayi saboda rashin wuta, zafinsa kan narkar da robar, ƙafa ta goce, ɓangare ɗaya ya daina haɗuwa. Ka gwada shi da mita a kan om 200, kana takawa kana kallo.

Ka kuma sake duba launin rasistocinka da rana, ba da tocila ba. Rawaya, shunayya, ja ita ce 4.7k. Rawaya, shunayya, ruwan lemo 47k ce. Ja da ruwan lemo a kan 'yar rasista da daddare sai mai ido. In ka sa 47k a gurbin 4.7k feda za ta yi magana, amma kaushin ba zai taɓa kai inda kake so ba.

Dayod kuma, da ka ce ka sauya: dole ɗaya ya kalli gabas ɗaya yamma, wato zoben ɗaya a ƙasa, zoben ɗayan a layin sauti. Ka san kuma kowane iri da muryarsa. Na jamaniyam irin 1N34A yana askewa tun daga wajen bolt 0.3, kaushi mai yawa amma murya ƙasa-ƙasa, har wasu su zaci fedar ta lalace. 1N4148 sai wajen 0.6, murya ta fi tashi. Jar fitilar LED sai ta haura 1.6 kafin ta fara aski, murya ta buɗe, kaushi ya ragu. Ni don filin biki, inda ganga da janareta ke gasa da kai, 1N4148 zan sa. Yana ko'ina, ba tsada, kuma zafin watan Afrilu na ƙasar Kabi bai dame shi kamar yadda yake damun jamaniyam ba.

Saura gargaɗi ɗaya, wanda da kuɗina na saye shi. Ran da batir ya ishe ka za ka so sa adafta. Wani mai kiɗan coci ya taɓa kawo mini feda 'yar kanti, ba abin da ke damunta sai jak da ya saki. Na gyara, na ce bari in gwada, batir ya ƙare, na miƙa hannu na jawo adaftar dikoda da ke kan tebur don bakinta ya shiga daidai. Ban ƙirga uku ba na ji fat, wari ya tashi, kafasita ya fashe ya watsa takarda a cikin akwatin. Fedojin jita, bisa tsarin da kamfanin Boss ya yaɗa, tsakiyar bakin adafta negetib ne, bolt 9. Adaftocin dikoda da makamantansu akasari tsakiyarsu fozitib ne, da yawa kuma bolt 12. Gyaran da zan ci ɗan abin cefane, sai da na ciro daga aljihu. Tun daga ranar duk fedar da na haɗa sai na sa mata dayod 1N5817 a jere da layin fozitib. Yana cin wajen bolt 0.3, amma in aka juya wuta ba abin da ke wucewa.

Ka gyara ƙafafun, ka auna, ka sake rubuto mini da lambobi uku: na ƙafar wuta, na rabin wuta, da na mafita. Abokanka kuma ka bar su su yi dariyarsu, kafin bikin gaba su ne za su zo aro.

Salam Malam. Ni tawa fedar tana aiki, na haɗa ta cikin robar sabulu. Amma in na ƙure ta sai ta kama kuka kamar usur, da daddare kuma har tashar rediyo nake ji a sifika, wani lokaci da yaren da ban sani ba. Mene ne magani?
Mai karatu daga Gusau

Wa'alaikas salam. Ba aljanu ba ne, rediyo ka haɗa ba ka sani ba. Igiyar jita mai tsawo eriya ce, feda na ninka duk abin da ya shigo, dayod kuma aikin da yake yi a tsohuwar rediyo ke nan, ciro magana daga iska. Da daddare tashoshin gajere da matsakaicin zango suna cin nisa fiye da rana, shi ya sa baƙin harsuna ke ziyartarka bayan isha'i.

Robar sabulu ita ce laifi na farko. Ka mai da allon cikin akwatin ƙarfe, ko da gwangwanin alewa ne mai murfi, ka tabbata jikin jak ya taɓa ƙarfen, ka kankare fenti a wurin. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin allo kada liƙinka ya taɓa gwangwani. A mashigar allo ka sa rasista 10k a jere, bayanta kafasita mai lamba 471 zuwa ƙasa. In tashar ta yi taurin kai ka sa 102, sai dai zai ɗan rage kaifin jita.

Kukan usur kuwa, sautin da ya fita ne ke komawa mashiga yana zagayawa, kamar makirufo a gaban lasifika. Ka duba ko wayar shiga da ta fita sun kwanta tare ko ka murɗe su don kyau. Ka raba su, kowace ta bi bangonta, ka rage tsawonsu, ta shiga ka sa mai saƙa a jiki. Ka liƙa kafasita 100uF da wani 104 tsakanin fozitib da ƙasa, dab da ƙafar aisi. In bai daina ba, ka ɗora ƙaramin kafasita tsakanin 10pF da 47pF a kan rasistar da ta haɗa mafita da ƙafa ta 2. In da adaftar nan mara nauyi irin ta caja kake ba ta wuta, ka fara gwada batir tukuna, don ita kanta takan yi wannan kukan.

Abu ɗaya ba ka tambaya ba amma zan faɗa. In kana kiɗa da janareta ka ji tsirkiya na ɗan cizon yatsa, ko makirufo ya tsunkule ka a leɓe, ka ajiye jitar nan take. Ba fedar ba ce, bolt 9 ba ya cizo. Amfilifayar ce ba ta da layin ƙasa, wutar 230 na yoyo zuwa jikinta, tsirkiyoyin jita kuma a haɗe suke da wannan jiki. Ka kai ta wurin mai gyara ya duba, a kafa wa janaretan sandar ƙarfe a ƙasa mai danshi, kuma kada ka tsaya ba takalmi a kan siminti kana kiɗa.